FILIN ƘWALLON DA AKA GINA DON YA SHA RUWA: Tarihin Yokohama da Rigimar Filin Unguwarmu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Tun ranar Asabar da muka tashi daga taron unguwa nake juya maganar nan a raina, kuma na san wasu daga cikin waɗanda muka yi sa-in-sa da su za su karanta. Abin da hayaniya ta hana ni faɗa a wurin, shi nake so in faɗa a nan a tsanake.

Ga wanda bai san zancen ba, fili guda ɗaya tak ya rage mana a unguwa. A nan muka buga ƙwallon tsumma muna yara, a nan 'ya'yanmu ke bugawa yanzu, a nan ake kafa rumfar biki da ta wa'azi. Shekara uku ke nan a jere, da zarar Agusta ya kama sai filin ya zama tafki. Ruwa ya kwanta sati biyu, wani lokaci uku, kwaɗi su yi ta kuka, sauro ya yi gida, gasar yara ta hutun makaranta ta watse. Sai ga wani bawan Allah mai neman kujera ya yi alƙawarin tifofin jar ƙasa, a cike filin a ɗaga shi sama da titi, a zagaye shi da katangar bulo. Matasa suka yi ta tafi. Ni kuma na miƙe na ce ban yarda ba. Wani ƙanena ya ce, "Yaya, ku dai ma'aikatan gwamnati ba abin da kuka iya sai hana ruwa gudu." Aka kwashe da dariya. Na ce masa ai ya faɗi gaskiya ba da saninsa ba, don hana ruwa gudu shi ne ainihin abin da nake roƙo a yi.

Tambayar da na yi, wadda har muka tashi ba wanda ya amsa, ita ce: ruwan da ke kwanciya a filin nan, idan muka ɗaga filin, ina zai tafi? A yau filin shi ne wuri mafi kwari a unguwar. Ranar da muka ɗaga shi, gidajen da ke bayansa, waɗanda rabinsu ginin ƙasa ne, su za su gaji wannan matsayi. To bari in ba ku tarihin wani fili da kusan dukkanmu mun taɓa kallo a talabijin, sannan mu dawo kan namu.

Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna ranar Lahadi, 30 ga Yunin 2002. Wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya, Birazil da Jamus, a wajenmu da tsakar rana aka take shi. Ronaldo da askinsa na ban dariya ya zura biyu a ragar Oliver Kahn. Ni a gidan kallo na gani, muna zufa muna addu'ar kada a ɗauke wuta. Mu an riga an koro mu tun zagayen farko, abin da muka tsira da shi ƙwallon Aghahowa a ragar Suwidin da alkafurar da ya yi bayanta, sai canjaras da Ingila. Abin da babu wanda ya gaya mana a ranar shi ne, wannan katafaren fili na birnin Yokohama, mai ɗaukar mutum sama da 72,000, yana tsaye ne a kan ginshiƙai fiye da 1,000, a tsakiyar wani kwari da aka haƙa da gangan don kogi ya zubo ruwansa a ciki.

Sunan kogin Tsurumi. Ba wani babban kogi ba ne, tsawonsa kilomita 42 da 'yan kai, kamar ka ce daga Kano zuwa Wudil. Ya taso daga Machida a gefen Tokyo, ya ratsa Yokohama da gefen Kawasaki, ya faɗa teku. Amma tun zamanin da, mutanen yankin sun san shi da fitina. Yana da lanƙwasa da yawa, kuma a ƙarshensa ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya sauka da sauri. Da an yi ruwan sama mai nauyi sai ya fita daga hanyarsa. Abin da ya sa ɓarnar ba ta yi tsanani a da ba shi ne, abin da ke bakinsa gonakin shinkafa ne da fadamu. Ruwa ya shiga gona ya kwana biyu ya janye, manomi ya yi ƙorafi, rayuwa ta ci gaba.

A watan Satumbar 1958 wata mahaukaciyar guguwa da suke kira Kanogawa ta afka wa gabashin Japan, ta kashe mutum sama da 1,000 a faɗin ƙasar. A yankin kogin Tsurumi kaɗai gidaje kusan 20,000 ruwa ya shiga. Ku lura da wannan: a shekarar, kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙasar da ke zuba ruwa cikin kogin aka gine. Sauran duk daji ne da gonaki. Daga nan sai tattalin arzikin Japan ya tashi, jama'a suka yi ta kwarara zuwa Tokyo da kewayenta neman aiki. A 1964, shekarar da Tokyo ta karɓi gasar Olamfik, aka buɗe layin dogon nan na jirgi mai gudun tsiya, aka dasa tashar Shin-Yokohama a tsakiyar gonakin shinkafa. Zuwa 1975 kashi 60 na yankin ya zama gini da kwalta. Zuwa 2000 ya kai kashi 85.

Duk wanda ya san yadda garuruwanmu suka faɗaɗa cikin shekara 30 ɗin nan ya san abin da zai biyo baya. Ƙasa tana shan ruwa, kwalta da siminti da rufin gida ba sa sha. Ruwan da a da yake nutsewa a gona ko ya yi ta rarrafe cikin ciyawa kafin ya isa kogi, ya koma yana isa da gudu, kuma gaba ɗaya a lokaci guda. Aka yi ambaliya a 1966, aka sake a 1976, aka kuma a 1982. Injiniyoyinsu sun yi abin da kowa ya sani: yashe kogi, ɗaga jinga, gyara lanƙwasa. Amma gidaje da masana'antu sun riga sun matse kogin har baki, babu wurin faɗaɗa shi sai an tashi dubban mutane. Kuma duk jingar da ka ɗaga, ranar da ta ɓalle ɓarnarta ta fi ta da.

A ƙarshen shekarun 1970 suka sauya tunani. A 1979 aka sa Tsurumi cikin kogunan farko da za a gwada sabon tsari a kansu. A 1980 aka kafa majalisa guda da ta haɗa gwamnatin ƙasa da hukumomin Tokyo da Kanagawa da biranen Yokohama da Kawasaki da Machida, a 1981 suka fitar da tsarin aiki. Ma'anar tsarin a taƙaice ita ce, ambaliya ba a bakin kogi take farawa ba, a ƙofar gidan kowa take farawa. Don haka duk mai gina rukunin gidaje sai ya tanadi wurin da zai riƙe ruwan da gininsa ya hana ƙasa sha, ya sake shi sannu a hankali bayan an ɗauke. Da haka aka samu dubban ƙananan ma'ajiyoyin ruwa a yankin. Tun da ƙasa tana da tsada, ba a bar su haka kawai ba. Filayen makarantu da wuraren shaƙatawa aka ɗan zurfafa. A wata unguwa mai suna Kirigaoka, ma'ajiyar ruwan filin tanis ce. Mafi yawan kwanakin shekara ana wasa a ciki, ranar ruwa mai yawa kuma ta cika ta zama tafki.

Babban aikin shi ne na kusa da tashar Shin-Yokohama. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara sayen gonakin wurin, hekta 84, wato ya fi filin ƙwallo 100 idan aka jera su. Aka haƙe shi ya zama kwari mai iya ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 3.9. Yadda yake aiki ba wani sihiri a ciki. A wani sashe na jingar kogin an rage mata tsawo da gangan. Idan kogi ya cika ya kai wannan wuri, maimakon ya ci gaba ya je ya fasa unguwannin da ke ƙasa, sai rarar ta tsallaka ta zuba cikin kwarin. Idan kogi ya sauka, sai a buɗe ƙofar magudana, ruwan ya koma hanyarsa. Sai a watan Yunin 2003 aka fara amfani da shi. Kusan shekara 20 ke nan ana aiki ɗaya, gwamnatoci suna zuwa suna tafiya, aikin bai tsaya ba.

To me za a yi da hekta 84 a tsakiyar birni na biyu mafi yawan jama'a a ƙasar, a sauran kwanakin da babu ambaliya? Nan ne birnin Yokohama ya shigo. Gwamnatin ƙasa tana da ruwa, birni yana da wasa, suka haɗa hannu a fili ɗaya. Babban filin wasan, wanda aka buɗe a watan Maris na 1998 kuma tun 2005 ake kiransa Nissan Stadium, aka ɗora shi a kan ginshiƙai yadda ruwa zai bi ta ƙarƙashinsa. A ƙasan kwarin kuma aka shimfiɗa filayen jama'ar gari: na ƙwallo, na tanis, na guje-guje, da ciyawar da iyalai ke zama da yamma. Waɗannan an san za su nutse, kuma an yarda su nutse. Abin da ruwa zai lalata an ɗaga shi sama, abin da zai iya shan ruwa ya bushe an bar shi a ƙasa. Idan aka ga alamar hadari sai a rufe wurin a fitar da mutane. Bayan ruwa ya janye a kwashe laka a wanke, a sake buɗewa.

An sha gwada shi. A watan Oktobar 2014 wata guguwa ta zuba masa ruwa kubik mita sama da miliyan ɗaya da rabi. Amma gwajin da duniya ta gani shi ne na 2019, lokacin da Japan ke karɓar gasar cin Kofin Duniya ta zari-ruga. Ranar Asabar 12 ga Oktoba da daddare guguwar Hagibis ta sauka. Ta kashe mutum kusan 100, jinga ta ɓalle a wurare sama da 100 a ƙasar, a Nagano har jiragen ƙasa masu gudun nan ruwa ya shanye a ma'ajiyarsu. An soke wasanni uku na gasar. A Yokohama kogin Tsurumi ya cika ya tsallaka cikin kwarin, ya zuba kubik mita kusan 940,000, karo na sama da 20 ke nan tun da aka buɗe shi. Filayen jama'a suka nutse, ruwa ya kwanta a ƙarƙashin babban filin. Washegari Lahadi da daddare, a wannan fili dai, Japan ta doke Sikotland da ci 28 da 21, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a karon farko a tarihinta. Sati uku bayan nan Afirka ta Kudu ta ɗaga kofin a wurin.

'Yan jarida sun fi mayar da hankali kan cewa an buga wasa. Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne unguwannin da ke ƙasan kogin, waɗanda kakanninsu suka kwana a kan rufi a 1958. Ruwan da zai bi ta kansu, filin tanis da filin ƙwallon yara ne suka shanye shi.

Akwai kuma ɗaya fuskar tarihin, don kada a ɗauka duk babban fili mafaka ne. A birnin New Orleans na Amurka akwai rufaffen filin wasa da ake kira Superdome, an buɗe shi a 1975. Da guguwar Katrina ta tunkaro a ƙarshen Agustan 2005, hukuma ta ce wanda ba shi da halin barin gari ya tafi can. Talakawa ne mafi yawansu, baƙaƙen fata, tsofaffi da marasa mota. Ranar 29 ga wata iska ta yaye fatar rufin, ruwa ya riƙa zuba ciki. Jingar birni ta ɓalle, kusan kashi 80 na garin ya nutse, mutanen da ke cikin filin suka haura 20,000. Wuta ta ɗauke, na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, famfo ya ƙafe, banɗakuna suka toshe, ga zafi. Kwanaki suka yi a haka kafin a kwashe su. Sai a Satumbar 2006 aka sake buga wasa a wurin. Ginin yana da girma da tsada, amma ba a tanade shi don kwanan dubban mutane ba, aka tura su can ranar da abin ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa min a taron: "Malam, wannan Japan ce, mu ina muka ga kuɗin?" Gaskiya ne, ba mu da kuɗin ginshiƙi 1,000. Amma dabarar kanta ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Birnin Kano da ƙasa aka gina shi, ganuwa da gidaje duka, kuma duk inda aka ɗebi ƙasar gini sai ya bar rami. Ramukan nan su ne kududdufai. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta labarin Jakara da ruwan da ke kwance a tsakiyar gari. Haka abin yake a Zariya da Katsina da sauran tsofaffin birane. Kowace unguwa da kududdufinta, ruwan damina ya gangara can, da rani ya ja baya, gefensa ya zama filin langa da kokawa da dambe, daga baya ƙwallo. Ba na cewa kududdufi aljanna ne. Mun san shara da ƙazantar da ake zubawa, mun san sauro, kuma kusan kowace unguwa tana da labarin yaron da ruwa ya ci. Amma yana yin wani aiki da ba mu lura da shi ba sai da muka rasa shi.

Yadda muka rasa shi ma tarihi ne. Farin 1973 da na 1984 da shekarun ƙarancin ruwa da suka kewaye su sun koya wa mutane cewa rafin nan ya mutu, kwarin can ba ya cika. Cikin waɗannan shekaru garuruwa suka ninka, fili ya yi daraja. Aka riƙa cike kududdufi da shara, a rufe da ƙasa, a yanka fuloti. Namu na bayan filin ƙwallo ina sakandare aka fara cike shi, yau shaguna ne da gidaje a kai. Ban ambaci sunan kowa ba, don da masu sayarwa da masu saye da mu da muka yi shiru duk muna da kaso. Sai kuma ruwan ya dawo, kuma ya dawo da wani hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a yankin Sahel. Sauyin yanayin da ake ta faɗa a rediyo, a wajenmu kamanninsa ke nan: zafi mai tsanani kafin damina, iska mai yaye kwano a farkonta, sannan ruwan sati guda ya sauka cikin awa biyu.

Mun kuma gani da idonmu. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ranar 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa, shekara 30 cif bayan irinta ta 1994. A Nijar a wannan shekarar sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, saboda wasu makarantun sun rushe, wasu kuma waɗanda ambaliya ta kora ne ke kwance a azuzuwa. Ku duba wannan da kyau. Duk sanda abu ya faru, makaranta da fili ne mafakar talaka, ko an shirya su ko ba a shirya ba.

Yanzu mu dawo filinmu, mu yi lissafin da ɗan firamare zai iya. Tsawonsa kamar mita 100, faɗinsa kamar 60. Idan ruwa ya kwanta a kansa zurfin rabin mita, lita miliyan 3 ke nan, wato jarka 120,000 irin ta 'yan ga-ruwa mai lita 25. Wannan shi ne abin da muke shirin kora wa maƙwabta da tifofin jar ƙasa. Katangar bulo kuma, idan ba a bar mata ƙofofin ruwa a gindi ba, ruwa zai taru a bayanta har ranar da za ta kwanta, Allah ya kiyaye a kan wa.

Matsalar filinmu ba shigar ruwa ba ce, rashin fitarsa ne. Ruwan da ya shiga da daddare ya fita zuwa jibi, bai hana kowa wasa ba, kuma sauro bai isa ya ƙyanƙyashe a cikinsa ba, don yana buƙatar kamar sati guda. Abin da nake ba da shawara shi ne a kira mai awon ƙasa ya auna mana gangaren wurin. A baje filin ya zama yana da ɗan karkata zuwa kusurwa ɗaya, gefunansa su sauka a hankali yadda ko yaro ya shiga zai iya takowa ya fito. A kusurwar a yi kwalbati mai ƙaramin baki da raga mai tare shara, ya riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan zuwa babbar kwata bayan ita ma ta rage. A raba hanyar ruwan wanka da na masai da filin gaba ɗaya, wannan ba sassauci a kai. Jar ƙasar da aka yi mana alƙawari mu karɓa da godiya, amma a zuba ta a gefe ɗaya a yi tudu. A kan tudun a yi ɗakin ajiye kaya da banɗaki da tankin ruwa da rumfa mai ƙarfi wadda aka ɗaure kwanonta da kyau. Ranar wasa 'yan kallo su zauna a inuwa, ranar da Allah ya kawo jarrabawa iyalan da gidansu ya faɗi su samu wurin sa haƙarƙari ba tare da an kori yara daga aji ba. A kewaye filin da darbejiya maimakon bulo, don zafin Afrilu ma yana kwantar da yara kamar yadda ruwan Agusta ke korarsu. A birnin Rotterdam na Holan sun yi irin wannan a dandalin unguwa tun 2013, filin ƙwallon kwando ne da matakalan zama, ranar ruwa ya zama tafki.

A matsayina na wanda ya kusa shekara 20 yana ɗaukar fayil daga ofis zuwa ofis, na san inda irin wannan aiki ke mutuwa. Filin wasa yana ƙarƙashin masu kula da wasanni, kwata tana hannun masu muhalli ko ayyuka, takardar fili tana wajen masu ƙasa, agajin gaggawa kuma wani gida ne daban. Kowa zai ce ba layinsa ba ne a kasafin kuɗi. Fili mai riƙe ruwa kuwa na dukkansu ne, shi ya sa yakan zama ba na kowa ba. Abin da Japan ta fara yi a 1980 kafin ta haƙa ko cebur ɗaya a wancan kwarin shi ne zaunar da ofisoshin a teburi ɗaya. Kuma mu ma ba a hannu wofi muke ba. Tun 1981 akwai asusun kula da matsalolin muhalli a ƙasar nan, kuma duk shekara hukumomin hasashen yanayi da na ruwa suna fitar da gargaɗi kafin damina. Sai dai an fi sabawa da rabon katifa da buhun shinkafa bayan an yi asara, wato ihu bayan hari.

Abu na ƙarshe, kuma wallahi shi ya fi damuna: takarda. Filinmu ba shi da wata takarda da ta ce na jama'a ne. Ranar da muka cike shi ya zama busasshen tudu mai katanga a bakin titi, ranar ce darajarsa za ta ninka, kuma kun san abin da ke samun irin wannan wuri. Ba na zargin mai alƙawarin da komai, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi. Amma kududdufinmu ma da "a cike shi saboda sauro" aka fara. Filin da aka rubuta a hukumance cewa wurin wasa ne kuma ma'ajiyar ruwan unguwa, ya fi wuyar yankawa, domin duk wanda gidansa ke kewaye ya zama mai gadinsa.

Ga ƙannena 'yan ƙwallo, na ji zafinku, ni ma a nan na karya yatsa. Ba na so ku ƙara rasa gasar Agusta ko sau ɗaya. Abin da nake roƙo kawai, kafin tifa ta farko ta juye, mu zagaya bayan filin tare, mu shiga gidajen nan mu ga inda ruwan bara ya bar zane a bango, mu tambayi iyayenmu mata da ke ciki yadda suka kwana. Mai unguwa ya amince a sake zama ranar Asabar bayan la'asar, kuma wani abokin aikina mai awon ƙasa ya ce zai zo da kayansa kyauta. Wanda ya san injiniyan ruwa ya taimaka ya gayyato mana shi. Wanda kuma yake da irin wannan fili a unguwarsu, ya je ya duba shi tun kafin hadari ya haɗu.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrin ruwa da iska, ya jiƙan waɗanda ambaliya ta ci. Amin.